Auna maganaɗisun galaksinmu da siginar fulsa

Na ɗauki watanni ina sarrafa bayanan rediyo na taurarin fulsa, wato ragowar matattun taurari masu juyawa da sauri waɗanda siginarsu ke zuwa bugu-bugu, don in fitar da ƙarfin maganaɗisun da ke tsakaninmu da su. Lissafin gajere ne. Wahalar duk tana wajen tace bayanan.

Siginar fulsa tana zuwa tana kaɗawa a kan wata kusurwa, kuma idan ta ratsa iskar da ke ɗauke da ilektron da maganaɗisu sai kusurwar ta juya. Wannan shi ne juyin Faraday, wanda Michael Faraday ya gano a 1845. Girman juyin yana bin tsawon zango a ninka shi da kansa, kuma adadin da ke haɗa su shi ake kira RM. Ilektron ɗin nan kuma su ne ke jinkirta dogon zango, daga nan ake samun DM, wato jimillar ilektron da ke kan hanya. Raba RM da DM, ka ninka da 1.232, ka sami matsakaicin ƙarfin maganaɗisu a kan layin gani, da ma'aunin maikrogaus.

Kullum da B0329+54 nake fara gwaji, domin tana da haske kuma an san alƙalumanta: DM kusan 26.8, RM kusan −64. Amsar ta kama maikrogaus 3, alamar ragi kuma tana nufin maganaɗisun yana fuskantar nesa da mu. Wannan ƙarfin bai kai na Duniya ba da kusan ninki 100,000. Sau ɗaya na sami +64, na yini ina neman dalili, ashe a fayil ɗin an musanya hannuwan karɓar sigina guda biyu. Da ban gwada da sananniyar fulsa ba, da kowace kibiya a taswirata ta juya baya, kuma babu abin da zai nuna mini.

Matakan su ne a cire hayaniyar na'urorin mutane, a daidaita jinkirin DM, a tara dubban bugu su zama ɗaya, sannan a ɗauki Q da U, alƙaluma biyu da ke nuna kusurwar kaɗawar sigina, na kowace tasha, wato ƙaramin yankin mitar rediyo, a inda bugun ya fi ƙarfi. Da manhajar PSRCHIVE nake yin wannan. Ban ƙara jan miƙaƙƙen layi a kan kusurwoyi ba, saboda kusurwa tana maimaita kanta bayan digiri 180, sai layi biyu ko uku su dace da bayanai ɗaya. Hanyar da Brentjens da de Bruyn suka tsara a 2005 ta fi: a gwada RM iri-iri, a warware juyin kowanne, a ga inda sigina ta taru ta yi tsini.

A nan ne na fi shan wuya. Tsini yakan fito daidai kan sifili, kyakkyawa, har ya fi na gaskiya tsawo. Ba daga sama yake ba, yoyon na'ura ne, wani ɓangare na jimillar haske da ya zubo cikin Q da U. Duk RM da ya faɗa kusa da sifili, sai na sake duba shi a wani daren kafin in yarda.

Dogayen zanguna suna da daɗi da haɗari. Tsakanin megahaz 110 da 190, inda na'urar hangen rediyo ta LOFAR ke aiki, faɗin tsinin a ma'aunin RM bai kai 1 ba, alhali a kusa da megahaz 1,400 yakan wuce 100 idan faɗin zangon da aka kama kaɗan ne. Amma a megahaz 150, tasha mai faɗin kilohaz 195 da RM na 100 tana juya kusurwa kusan digiri 60 a cikinta kaɗai, sigina ta riƙa cin kanta. Na taɓa haɗe tashoshi don fayil ya yi sauƙi, fulsa mai babban RM ta ɓace mini ɗungurungum. Sannan ga ayonosfiya, sashen saman iskar Duniya mai ɗauke da ilektron, wadda ke ƙara nata juyin, daga ƙasa da 1 da dare zuwa fiye da haka da rana. Dole a cire shi da taswirar ilektron ta GPS da samfurin maganaɗisun Duniya, kuma ragowar kuskuren cirewar yakan fi kuskuren awon kansa.

Wurin da na fi jan hankalin mai farawa shi ne fassara. Adadin da ka samu matsakaici ne da ya karkata zuwa inda ilektron suka fi yawa. Gajimaren iska mai zafi guda ɗaya a kan hanya zai iya rinjayar duk sauran tafiyar, kuma idan maganaɗisu ya juya a tsakiya, rabi ya soke rabi, sai ka ga kamar babu komai. Shi ya sa nake ɗaukar fulsa biyu a kusan layi ɗaya, ta kusa da ta nesa, in raba bambancin RM da bambancin DM, in sami ƙarfin tsakaninsu kawai. Da irin wannan kwatanci ake ganin juyawar maganaɗisu da ke tsakaninmu da hannun Sajitariyas, ɗaya daga cikin hannuwan galaksinmu masu murɗewa, bayan aikin masanin taurari Richard Manchester na 1974 ya nuna maganaɗisun unguwarmu, kusan maikrogaus 2, yana fuskantar wajen digiri 90 daga alƙiblar tsakiyar galaksi.

Nisa kuwa yawanci daga DM ake ƙiyasta shi, kuma NE2001 da YMW16, samfura biyu na yadda ilektron suka bazu a galaksi, sukan saɓa sosai a kan fulsa ɗaya, har su ajiye ta a hannuwa daban-daban. A taswirata ina sa nisan duka biyun, waɗanda aka auna nisansu kai tsaye kuma in ba su launi na daban.