Kilin Bagalam da hoton wuyansa

Ranar Alhamis na miƙa makullan ɗakin magani, bayan shekara 4 a ƙarƙashin babban likitan dabbobinmu. Abokan aiki sun san abin da ya tsaya mini a rai, amma ban taɓa faɗinsa da bakina ba.

Saura kwana 20 babbar salla aka kawo mana wani kili daga unguwar Bagalam, ingarma ɗan shekara 15. Tuntuɓe yake yi da ƙafar gaba, kuma in an zuba masa harawa a ƙasa sai ya daɗe bai sunkuya ba. Lokacin na'urar radiyo ta tafi-da-gidanka, mai ɗaukar hoton ƙashi, ba ta cika wata biyu a hannunmu ba, kowa ɗoki yake yi. Na yi masa allurar kwantar da jiki, na ɗauki hoton wuyan daga gefe. Ƙasusuwan wuyan doki 7 ne, kuma tsakanin na 5 da na 6 sai na ga gaɓar ta yi kauri, bakinta ya yi kaushi. Nan take na yanke cewa ƙashi ya danne laka.

Tsohon da ke kula da bargar Alhaji mai dokin yana riƙe da ragama. Ya ce, "Likita, da ka duba kofaton nan na dama. Jiya da dare na taɓa shi, zafi rau." Na ce, "Baba, ga hoto a gabanmu, ai gani ya kori ji." Bai ƙara magana ba, ya ci gaba da shafa goshin dokin.

Maigida, wato babban likitanmu, ya ɗaga hoton, ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba, ya sa hannu. Muka gaya wa Alhaji kada a sake ɗora wa dokin sirdi. Ya sayar da shi ga wani mutumin Tibiri, ko rabin kuɗinsa bai samu ba. Bayan mako guda ƙurji ya fashe a saman kofaton, mugunya ta fita, doki ya miƙe garau.

Daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Gaɓoɓin nan biyu-biyu suke, hagu da dama, kuma a hoton gefe ɗaya tana hawa kan ɗaya. Wuya ya ɗan murɗe kaɗan, sai ta baya ta leƙo, ka ga kamar kumburi. Shi ya sa ake ƙara hoto a karkace, wajen digiri 45 zuwa 55, don kowace ta fito ita kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a tsohon doki gaɓoɓin ƙasan wuya sukan yi kauri da shekaru, dokin kuwa lafiya lau. Ban auna faɗin ramin laka na gwada shi da kaurin ƙashin ba, alhali sai ya gaza wajen rabi ake fara zargi. Ban ja wutsiyarsa yana tafiya ba, ban juya shi a ƙaramin da'ira ba, ban yaudare shi da dusa in ga ko zai lanƙwasa wuya zuwa haƙarƙari ba. Duk wannan ba ya cin ko dala.

Da Alhaji ya dawo a fusace, maigida ya ce masa a gabana, "Alhaji, yaron nan ne ya yi gaggawa, ni ban ga hoton ba." Sa hannunsa yana nan a takardar har gobe. Laifina na ɗauka, ban yi musu ba. Nasa kuwa da aka ɗora mini, har yau ban sauke shi daga zuciyata ba.

Wanda zai gaje ni, ka liƙa ɗan ƙarfe a fatar wuya kafin ka ɗauki hoto don kada ƙidaya ta ruɗe maka, ka sa wa mai riƙe ragama rigar dalma mai kare jiki daga hasken na'urar, kuma ka ajiye kwafin duk takardar da aka sa wa hannu.

A hawan sallar da ta biyo baya na hango kilin kusa da fadar Sarkin Katsinan Maradi, an yi masa kwalliya, yana taka rawa a ƙarƙashin sabon ubangijinsa. Baba yana tsaye a bakin hanya yana kallonsa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, idonsa yana kan dokin.