Naman daji da ɗatun yaɗiya a ƙasar Bunza

Daga Kano muka bi ta Gusau da Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Babu abin ba da labari a hanyar sai wani ma'aikaci a shinge da ya zazzage min jaka a ƙasa, ko sannu bai ce ba.

Ƙauyen da na sauka yana gaba da Bunza, a bakin fadama. Mai masaukina dattijo ne maharbi, kawun abokina. Da na ce zan shiga kasuwa in yi cefane, dariya ya yi.

"Ɗana, aje kuɗinka. Gobe da asuba mu shiga daji."

Muka fita da karnuka biyu, da kere, da 'yar fartanya, hunturu na kaɗawa. Asutar da ya ɗana tun daren jiya ta kama makwarwa. Amma ramin gafiya ne ya ba ni mamaki. Baba ya duba sawu a bakin ramin, ya sa yara suka toshe sauran ƙofofin, ya tura hayaƙin busasshiyar ciyawa. Gafiya ta fito a guje, kare ya cafke, aka yi maza aka yanka. Wani ramin kuwa ya hana a taɓa, ya ce babu sabuwar ƙasa a bakinsa, irinsa maciji ke gajewa. Zomo kam ya tsere mana.

A hanyar komawa yara suka cika aljihu da magarya da kanya da aduwa. Iya ta dafa yaɗiya ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, su ɗatu suke ce masa. Mu a Kano ƙullin muruci ma sai ka yi ciniki, nan kuwa tuli aka aje min, na miƙa kuɗi aka ji haushina. Naman zabon daji da ake tsawwala mana a birni, a nan romon dare ne.

Sai dai Baba ya ce dajin ya ja baya. Gonakin shinkafa sun cinye fadama, masu gawayi sun sare itatuwa, kuma saboda 'yan bindiga ba a yin nisa. Ya ce rabonsa da ganin gada har ya manta.

Na biya Argungu na sayi busasshen kifi, da tsada ƙwarai. A Sakkwato na kwana, direba ya ƙara kuɗin mota wai saboda buhun gorubata.