Muscadet ba ruwan ƙanƙara ba ne

Sati na biyu da fara aiki a wani gidan abinci a Nantes, a ƙasar Faransa, na yi abin kunya, har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Wani dattijo ya zo shi kaɗai da rana, ya ce a kawo masa kawa (wani abincin teku mai ɓawo) guda shida da Muscadet, farar giyar inabi ta yankin, ni kuma wai ina so in burge, na tsoma kwalbar cikin bokitin ƙanƙara tun kafin ya zauna, na bar ta kusan awa ɗaya har takardar jikinta ta jiƙe tana saɓulewa. Na zuba masa, ya kai hanci, ya ajiye. Sai ya rungume kofin da tafin hannunsa biyu kamar mai jin ɗari, ya ce min yaro ka kashe ta, yanzu ba ta da maraba da ruwan famfo mai tsami.

Kuma gaskiyarsa ne. Irin wannan farar giyar inabi mara zaƙi, mara nauyi, ƙamshinta dama can ba mai hayaniya ba ne, in sanyi ya yi yawa sai ya ɓuya gaba ɗaya. Digiri 8 zuwa 10 ya ishe ta, wato ka fito da ita daga firiji ka ɗan bar ta minti goma a kan tebur kafin ka zuba. Kofin ma kar a cika, kashi ɗaya cikin uku ya isa, kuma a riƙe shi ta ƙafa.

Bayan ta ɗan huce shi ne na fara jin abin da ake faɗa, ɓawon lemun tsami, ɗanyen tuffa kore, sai wani ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe kamar iskar bakin teku, ai dama gonakin suna kusa da inda kogin Loire yake shiga tekun Atlantika. Inabin da ake yin ta da shi sunansa Melon de Bourgogne, asalinsa daga Burgundi ne, wani yanki a gabashin Faransa, amma a nan ya samu gida, musamman bayan mugun sanyin 1709 da ya kashe gonakin inabi na yankin aka sake shuka. Yankin Sèvre et Maine, inda mafi yawanta take fitowa, ya samu rajistar sunansa tun 1936, kuma ƙarfin barasarta a al'ada ba ya wuce kashi 12 cikin ɗari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmomi biyun nan da ake rubutawa a kwalba, sur lie. Ma'ana an bar ta ta kwana a kan lakar yis da ta kwanta a gindin tanki duk tsawon hunturu, ba a zuba ta a kwalba sai daga watan Maris, shi ne yake ba ta ɗan jiki da wani ƙamshi kamar na burodi, har da 'yan kumfa ƙanana da suke ɗan tsikarin harshe. Ni in kwalba ba ta da wannan rubutun gaskiya ba na ba baƙo shawararta.

Abinci kuwa, duk abin da za ka so ka matsa wa lemun tsami to ya dace da ita, haka na sauƙaƙa wa kaina. Kawa ɗanya ita ce ta farko, sai jatan lande, gasasshen kifi, soyayyen kifi ma tana wanke maiƙon daga baki tas. Akwai miyar man shanu ta nan yankin, beurre blanc, da ita ma ake dafa ta tare da ƙananan albasa, a kan kifin kogi kai ba a magana. Cukun akuya sabo yana tafiya da ita. Amma jan nama mai romo ko abu mai zaƙi, a'a, nan take take zama kamar ruwan tsami.

Dattijon nan yana zuwa duk ranar Juma'a, kuma har yanzu kafin in zuba sai ya taɓa kwalbar da bayan hannu yana kallona.