Kafin ka yarda a sauke maka giyabos

Ƙannena da kuka sayi motar farko, na san yawancinku tsohuwar atomatik ce ta zo hannunku, 'yar Kwatano ko wadda ta sha hannu kafin ta iso gare ku. Na kuma san halinmu. Muddin inji na tashi, to ko allurar mitar gudu ta mutu ba mai damuwa. Tawa da ta fara rawa, ta tashi yanzu, an jima ta kwanta a sifiri ina tsakiyar tafiya, cewa na yi ai ba ita ke jan motar ba. Na daɗe ina yawo a haka.

Abin da ban sani ba shi ne, atomatik ba da ka take canza giya ba. Ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira burenbos, tana lura da yadda ka taka totur da kuma gudun da motar ke yi, sannan ta yanke lokacin shiga giya ta gaba. Labarin gudun daga wata 'yar na'ura mai auna gudu, wato sansa, yake fitowa, wadda aka ɗaura a jikin giyabos, kuma a tsofaffin motoci da yawa saƙon nan ne ke motsa allurar da ke gabanka. In ya katse, burenbos ta zama kamar direban da aka ɗaure wa ido. Sai ka ji mota ta maƙale a giya ɗaya inji na kuka, ko ta shiga giya da bugu, ko ta yi ta jinkiri kafin ta canza.

Da tawa ta fara wannan bugun, wani gareji na kai ta. Ogan wurin ya zaga da ita sau ɗaya ya dawo ya ce, "Alhaji, giya ta tafi, sai an sauke." Ban tambaye shi ta yaya ya gane ba, ban kuma gaya masa zancen allurar ba, don ban ga abin da ya haɗa su ba. Aka sauke, aka sa wata ta hannu, kuɗi suka tafi. Ban kai gida ba bugun ya dawo. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, ni na je masa da rabin labari.

Daga nan wani mai wayarin ya ambaci sansa, sai na sake yin gaggawa. Na sayo wata aka ɗaura ba tare da an gwada tsohuwar ba. Shiru. Ashe waya ce ta goge a jikin ƙarfe kusa da soket, ta rage 'yan silili, tana haɗuwa tana rabuwa duk lokacin da aka faɗa rami. Gyaran bai kai kuɗin man zagayen gari ba.

Saboda haka ka fara da abin da motar ke faɗa da kanta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. A sa mata na'urar bincike, kuma ka karanta lambar da idonka. P0500 sansar gudun mota ce, P0720 ta gudun da ke fita daga giyabos, P0715 ta wanda ke shiga. Waɗanda suka girmi wannan shekara da ƙiftawar fitilar dashbod suke magana. A tsohuwar Honda fitilar D4 ke ƙiftawa, kuma lamba 17 a fitilar inji sansar gudu take nufi. A tsohuwar Toyota fitilar O/D OFF ce, lambar kuma 42. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: lambar hanyar saƙon take zargi gaba ɗayanta, wato sansa, waya, soket, fiyus, har da mitar kanta. Ba ta ce ka je ka sayo komai ba tukuna.

Cire soket ɗin sansar ka leƙa. Koren tsatsa, man da ya tsiyaya ciki, ko ruwan da masu wankin inji suka feso da ƙarfi, kowanne ya isa ya kashe saƙo. Bi wayar da yatsa har inda ta shige, musamman in motar na kwana inda ɓeraye suke.

Gwajin kansa ba wuya, ƙaramar mitar auna wuta ta masu wayarin ta isa. In sansar mai waya uku ce, ɗaya wuta ce, ɗaya ta komawa jikin ƙarfen mota ce, ta ukun ita ce ta saƙo. In motar da tayoyin gaba take ja, a tare tayoyin baya da dutse, a ɗaga taya ɗaya ta gaba, a sa abin tokare mai ƙarfi, kada ka amince wa jak shi kaɗai. A murɗa makulli ba tare da tada inji ba, giya a N, a juya tayar da hannu a hankali. A wayar saƙo za ka ga wuta na hawa tana sauka, daga sifiri zuwa wajen volt 5 a motoci da yawa. In wuta na isowa sansar amma saƙo bai motsa ba, yanzu kam ita ce. Mai waya biyu kuwa maganaɗisu ne a cikinta, ita ke haifar da wutarta idan ƙarfe na juyawa a gabanta. Zare ta ka duba bakin. Sau da yawa garin ƙarfe ne ya lulluɓe shi, gogewa kawai take so.

Akwai wani wuri da ke ruɗa har ƙwararru. A wasu tsofaffin Toyota saƙon sai ya bi ta cikin mitar dashbod kafin ya isa burenbos, don haka lalatacciyar mita kan sa a zargi lafiyayyar sansa. Motocin da suka biyo baya kuma, da yawansu daga sansar birkin ABS da ke jikin tayoyi suke ɗaukar gudu. In fitilar ABS ta kama tare da mutuwar allura, wajen tayoyin za a fara nema.

Ba ina cewa giyabos ba ta lalacewa ba ne. Zaro sandar man giya ka shinshina. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, allura na aiki daidai, ka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ja ba, to wannan ciwon na ciki ne, sansa ba za ta cece ka ba. In kuma sansar ce ta tabbata, tafi kasuwar kayan gyara da tsohuwar a hannunka, Ƙofar Ruwa ce ko Panteka, ka gwada bakin soket da lambar jikinta da wadda za a ba ka, don mota iri ɗaya ta shekaru daban kan zo da sansa daban. Ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.