Baƙin littafin da ke bakin ƙofar ɗakin tarihinmu

Garinmu yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930. Tashar jirgi ce ta raya garin, gyaɗa kuma ta ciyar da shi. Amma ranar da na tambayi ɗalibaina ko akwai wanda ya san anini, sai aji ya yi tsit, can wani yaro ya ce ai shi ne abin da ake liƙa wa soja a kafaɗa. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai taɓa jin cewa kuɗi ne mai huji a tsakiya, wanda goma suke yin kwabo ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai. Kafin mako ya zagayo na je gaban Hakimi na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, aron tsohon siton gyaɗar nan na bayan tasha muke roƙo, mu tara kayan iyaye da kakanni." Ya ce mu je mu share.

Mu bakwai muka fara, ba mai albashi ko ɗaya: malamai uku, tela, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin reluwe, da 'yan mata biyu da suka gama sakandare. Da farko na ɗauka 'yan matan shara da jera kaya za su taya mu. Ashe su ne ƙashin bayan aikin. Tarihin gari ba a zaure yake ba, yana cikin adaka, a ƙarƙashin gado, a ɗakin tsofaffin mata, inda namiji baƙo ba ya shiga. Su ne suka fito mana da akushi, da taskira, da mazari, da fitilar aci-bal-bal, da ƙullin tsofaffin kuɗi: sisi, taro, sule, waɗanda suka daina ci bayan zuwan naira a 1973.

Mutane ba su saki jiki da mu nan da nan ba. Tambayar da na fi sha ita ce, "Malam, ba sayar wa Turawa za ku yi ba?" Nakan yi bayanin cewa tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izini ba. Amma gaskiya ba doka ce ta kwantar musu da hankali ba. Ganin da suka yi cewa kowa zai iya shigowa ranar kasuwa ya tarar da kayan gidansu a inda aka ajiye, shi ne ya yi aiki.

Na je Gidan Makama a Kano don in ga yadda masu abin suke yi, kuma na lura kowane kaya da lambarsa da bayaninsa. Na gani, na yaba, na dawo ban yi ba, don a lokacin hankalina yana kan tara kaya da yawa. Wannan sakacin ne ya jawo abin da har yau yake ci mini rai.

Wata tsohuwa ta zo da yamma tana dogara sanda, da ƙunshi a hammata. Ta zauna a kan tabarma ta kwance, sai ga gwado, saƙar hannu, baƙin ya koɗe har ya koma shuɗi-shuɗi, gefe ɗaya da ɗinkin zare fari. Ta shafa shi ta ce mahaifiyarta ce ta kaɗa zaren, a wata shekarar yunwa aka kusa sayar da shi, ta fara ba ni labarin abin da ya hana. Ni kuwa ina ta fama da masu gyaran rufi. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan zo har gida in zauna in rubuta." Ta ce, "To ɗan nan, Allah Ya kai mu." Bayan Babbar Sallah aka yi jana'izarta. Na bi 'ya'yanta da jikokinta, ba wanda ya san labarin. Gwadon yana nan, amma duk wanda ya tambaye ni tarihinsa sai in ji kunya ta rufe ni.

Ba a jima ba kuma aka zo rabon gado a wani gida, magada suka ce takobin kakansu aro aka ba mu, ni kuma na san kyauta marigayin ya ce. Ba takarda, ba shaida. Na ɗauko na miƙa musu, don zumunci ya fi takobi, kuma laifin nawa ne.

Tun daga nan muka sayi babban littafi mai baƙin bango. Ba abin da yake tsallake bakin ƙofa sai an ba shi lamba, an rubuta wanda ya kawo, da inda ya samo, da ko aro ne ko kyauta, shaidu biyu su sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Sannan a kunna waya a naɗi muryarsa a take, ko da ana ruwa, ko da magariba ta gabato.

Gara ma ta koya mana hankali. A damina ɗaya ta cinye rabin takardun haraji da jangali da muka jingine a jikin bango cikin kwali. Waɗanda suka tsira su ne suka fi jan dattawa, domin a nan suke tsayawa su tuna wahalar biya da gudun dogarai, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su, lokacin muna cikin Jihar Kano, kafin a yi Jigawa a 1991. Yanzu komai yana kan kanta, nesa da bango da ƙasa. Takardun ajami kuwa ba ma yarda a liƙa musu salatif, don yana cin tawada ya bar tabo. Muna barinsu cikin gafakarsu, mu ɗauki hoton kowane shafi.

Aikin sa kai yana da lokacinsa. Da ruwa ya sauka kowa gona yake nufa, kuma ba ka da bakin yi wa mutum faɗa a kan aikin da ba ka biyansa. Na daina jin haushi, muka rage buɗewa zuwa ranar kasuwa da yammacin Juma'a. Abin da ya riƙe mutane shi ne bai wa kowa ɓangarensa. Baba na reluwe shi ke da sikelin gyaɗa da fitilar tasha, kuma in ya ɗora yaro a kan sikelin yana kwatanta yadda ake awon buhu, sai ka ga yara sun ƙi tafiya gida. Kuɗin shiga ba ma karɓa, akwai asusu a bakin ƙofa, da shi muke sayen maganin gara da tsintsiya.

Ranar Asabar mai zuwa Sarkin Maƙera ya ce mu je mu ɗauki zuga-zugin mahaifinsa da uwar maƙera. Idonsa ya yi rauni, amma bakinsa garau. Na gaya wa telanmu ya zo da amalanke bayan la'asar, ni kuwa tun da hantsi zan isa, da baƙin littafin da waya cike da caji.