Ƙashin Bayan Albam: Sana'ata ta Takarda a Kano

Albam ɗin farko da na sayar ya dawo hannuna bayan kwana goma sha ɗaya. Gwaggon amarya ce ta ba ni aikin, ita ce kuma ta dawo da shi cikin baƙar leda. Bayan mun gaisa ta ajiye a gabana ta ce, "'Yar nan, duba aikinki." Na buɗe. Bangon ya kantare kamar fatar da aka shanya a rana, shafi uku sun ɓalle daga tushe, hoton kamu ya manne da na ɗaurin aure, garin ɓamɓarewa har fuskar ango ta ɗaye. Cikin watan Agustan 2021 ne, tsakiyar damina, lokacin da ko ashana sai ta yi sanyi a Kano. Na mayar mata da kuɗinta cif, na ba ta haƙuri. Daren nan ban runtsa ba, don na san amarya ta riga ta nuna wa dangin miji.

Lokacin kullen korona na 2020 na fara wannan aiki. Ina zaune a gida a Gwammaja, makarantar da nake koyarwa a rufe, sai na faɗa kallon matan Amurka da Indiya a YouTube suna haɗa ƙananan albam da hannu. Wani shafi mai aljihu, wani mai buɗewa kamar taga, wani kuma ka ja harshensa hotuna su riƙa kifuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki kwalin taliya da almakashin ɗinkin mahaifiyata da tsofaffin kalandu na shiga kwaikwayo. Na koyi ado sosai a wurinsu, ba zan ɓoye ba. Sai dai ɗakunansu ba su san hunturu ba, ba su san ƙurar garin nan ba, takardarsu kuma musamman don wannan aiki aka yi ta. Ni kuwa abin da na samu a kasuwar Sabon Gari da shi nake aiki.

Baffana ne ya ga albam ɗin da aka dawo da shi. Ya jujjuya shi, ya ce in shirya gobe za mu shiga Kurmi. Kowa ya san kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, sama da shekara 500, amma ni iyakata da ita sayen turaren wuta da kwalli. Ban taɓa tsayawa a rumfunan masu littattafai da dukawa ba. Ya kai ni wurin wani tsoho abokinsa mai ɗinka gafaka da tadarishi.

Tsohon ya karɓi albam, ko kallon furanni da leshin da na ɓata dare ina jerawa bai yi ba. Kifa shi ya yi, ya sa babban yatsa a tushe ya danna.

"'Yata, wa ya koya miki?"

"A waya na gani, Baba."

"To, sun koya miki kwalliya. Ina ƙashin baya?"

Ya ɗauko falle ɗaya na takarda, ya lanƙwasa a tsaye, ya sake lanƙwasawa a kwance, ya miƙo mini ya ce in gwada. Ta wani ɓangaren takan bi hannu salin-alin, ta ɗayan kuwa sai ta yi turjiya. Ya ce takarda kamar yadi take, tana da hanyar da zarenta ya kwanta, kuma telan da ya yanka yadi a karkace rigarsa ba za ta zauna a jiki ba. In zaren kwali ya miƙe tsaye, na takardar da aka manna masa ya kwanta, da zarar sun sha danshi kowa zai ja nasa gefen. Abin da ya kantarar da bangona ke nan. Dole kwali da takardar rufi da shafuka duk zarensu ya bi tsawon ƙashin baya. Ya kuma shinshina albam ɗin ya ce gam ya yi yawa, wanda na zuba a shafi ɗaya ya isa littafi guda.

Kafin mu tashi ya zaro wani tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na gidansu daga gafaka, falle-falle ba ɗinki, yadda malamanmu suka saba. Ya ɗaga falle ɗaya ga hasken ƙofa, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Irin takardar nan ce da ake yi a Italiya, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su keto Sahara da ita har Kano. Ta girmi kakata, amma ba ta karye ba, tawadar kuma tana nan baƙa ƙirin. Daga baya na gane dalili. Irin waccan da tsumma ake yin ta, ita kuwa takardar jarida da arhar takardar kasuwa daga niƙaƙƙen itace suke, akwai asid a jikinsu da ke cin su a hankali har su yi ja su ruguje, ya kuma ci hoton da aka manna musu. Tun ranar na daina sa hoton mutane a kan kowace takarda don kawai launinta ya burge ni.

Albam ɗin da ya fi fita a wurina yanzu shi ne mai inci 6 da 8, saboda hoton da masu wanki suka fi bugawa inci 4 da 6 ne, yana zama ya bar gefe. Bango kwali ne mai kaurin milimita 2, gida uku: gaba, baya da ƙashin baya. Tsakanin kowanne nakan bar rata kamar ninkin kaurin kwalin, in ba haka ba ranar da aka fara rufe albam ɗin rufin zai tsage a gaɓa. Kafin atamfa ko shadda ta hau, sai na fara shimfiɗa farin alawayyo a kan gaɓoɓin nan. Wannan dabarar tsohon nan na Kurmi ce, ban gan ta a waya ba.

Sai wurin da aikin yake. Nakan ɗauki doguwar takarda mai ƙarfi in yi mata layi-layi, in ninke ta ta fitar da haƙora kamar na mataji, kowane shafi ya hau haƙori ɗaya. Tsakanin haƙori da haƙori sai an bar wuri, kusan santimita ɗaya in shafin mai aljihu ne. Mai koyo yakan manta cewa albam fanko yake barin hannunsa, amma hoto arba'in ko hamsin za a cusa masa, in babu wurin numfashi sai ya buɗe baki ya ƙi rufuwa. Takardar hoton kwafi mai giram 80 ba ta yin shafi. Ina amfani da mai giram 220 zuwa 250. Mai 300 ta fi ƙarfi, amma takan fashe a wurin ninki in ba a fara tsaga mata hanya ba. Ba ni da injin yanka irin na Turawa. Da rular ƙarfe da reza da biron da tawadarsa ta ƙare nake fitar da layi, in bi da bayan cokali in kwantar da ninkin. Gam kuwa fari ne irin na kafintoci, a shafa shi siriri da burushi, kuma ba ya taɓa hoto har abada. Hoto da salatif mai fuska biyu ake kama shi, ko a yi masa 'yan kusurwoyi ya zauna ciki. In an gama, albam ya kwana ƙarƙashin bulo biyu da na naɗe da tsohon zane.

Kowane lokaci na shekara da irin rigimarsa. Da damina gam ba ya bushewa da wuri, kwana biyu nake bari a danne, in kuma jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin ledar kowane aiki saboda fumfuna. Da hunturu kafin ka gama shafa gam ya bushe, takarda ta yi ƙararau tana fashewa, ƙura kuma ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta zauna kan farin shafi. Hannu na tsagewa, amma doka ce a ɗakina ba mai shafa mai ta taɓa takarda, don tabon basilin ba ya fita. Da bazara kuwa gam na kyandir kan saki in aka bar kaya cikin mota a rana, shi ya sa furen da ke kan bango ɗinke shi nake yi da zare. Na taɓa gwada ƙullun fulawa don sauƙin kuɗi, sai ya zama na gayyato kyankyasai.

Kayan ado duk a garin nan nake samu. Ƙyallayen atamfa daga telolin unguwa, yadi daga Kantin Kwari, zare da ribon da duwatsu daga Ƙofar Wambai. Amarya ta fi son a rufe albam ɗinta da ragowar ankon bikinta, kuma ina ganin ta yi daidai, don shekara ashirin nan gaba ƙyallen kaɗai zai tuna mata ranar. 'Yan Abuja da baƙi kuwa rinin Ƙofar Mata suke nema. Shi sai an wanke shi an sake wankewa har baba ya daina zuba, in ba haka ba ya shafa wa shafin farko shuɗi. Zane nakan ɗauko daga dagi da zayyanar allon sauka. Abu ɗaya da na ƙi yi ko nawa za a biya shi ne rubuta aya a bango. Albam abin hannun yara ne, yau yana kan gado gobe yana ƙasa.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyi. Kusan duk takarda mai kyau daga waje take zuwa. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, takarda da gam da maganaɗisu duk suka bi ta. Tun daga nan farashin da na faɗa ba ya wuce mako ɗaya, kuma ba na sa reza a kwali sai an ba da kafin alƙalami. Har yau akan ce mini, "Haba Anti, takarda ce fa." Ba na jin haushi, domin abin da ido ke gani ke nan. Sai in miƙa mata albam in ce ta riƙe bango ɗaya ta girgiza. In shafi ya motsa ta ɗauka kyauta. Aikin kwana biyu da rabi ne, kuma rabinsa yana wurin da ba wanda zai taɓa gani. In tayin bai kai ba in ce albarka, mu rabu lafiya.

Albam kaɗai ba ya riƙe shago. Ambulan ɗin sadaki, ƙananan akwatunan turare na lefe, katin gayyata, manyan furannin takarda na wurin kamu, da alamar shafi da ake raba wa 'yan saukar Alƙur'ani, su ne cefanen yau da gobe. Gab da azumi ba ma barci saboda bukukuwa, cikin azumi kuma kasuwa ta kwanta sai bayan Sallah. Yara mata uku ke koyo a wurina. Duk wadda ta zo, watanta na farko ba ta taɓa fure ko leshi, layi kawai take yankawa har sai ya miƙe. Sukan ƙosa. Ɗaya ta taɓa ce mini, "Anti, yaushe za mu fara aikin?" Na ce mata ai shi take yi.

Wasu kan tambaya me za a yi da albam alhali hotuna na cikin waya. Su tambayi wanda aka ƙwace wa waya a adaidaita sahu, ko wadda memorinta ya mutu da hotunan sunan ɗanta na fari. Da yawa daga masu zuwa wurina sai bayan irin wannan rashi suke zuwa, da ɗan abin da suka tsinto a wayoyin 'yan uwa.

Makon jiya jikan wata Hajiya ya kawo ta daga Yakasai, tana rungume da gwangwanin biskit. Ciki hotuna ne marasa launi, masu gefe kamar haƙoran zarto, wasu sun fara ja. Akwai ɗaya na marigayi maigidanta a filin jirgin Kano zai tafi aikin Hajji, da jaka a hannu. Na juya bayansa, sai ga rubutun ajami da alƙalami, hannunsa ne. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "'Yar nan, kada ki manne mini bayan nan." Na ce, "Hajiya, ko salatif ba zai taɓa shi ba." Na yanka kusurwoyi huɗu-huɗu ga kowane hoto, hotuna talatin da bakwai, na bar fili a ƙasa inda jikan zai rubuta sunayen da take faɗa tun tana iya tunawa. Da ta zo karɓa ta nemi shafin nan, ta zare hoton, ta juya ta karanta a hankali leɓenta na motsi, ta mayar. Ta sake zarewa ta sake mayarwa don ta tabbatar ba zai faɗo ba. Sannan ta ce in sa a kwafi hotunan gaba da baya in yi wasu guda biyu, na 'ya'yanta mata da ke aure a Kaduna da Gusau. Su ne ƙarƙashin bulo yanzu, kuma tun da jiya an yi ruwa, sai jibi zan ɗaga.