Yau mun je ganin gona, mun dawo da kuɗinmu

Asabar, bayan isha'i.

Ƙafafuna sun san sun yi yawo yau. Tun da sassafe muka haɗu a tashar Unguwa Uku, mu bakwai cikin mu ashirin 'yan ƙungiyar gama-kai, muka kama hanyar Zariya zuwa wani ƙauye da ke bayan Kura. Shekara biyu ke nan muna zubi duk wata, kamar adashi sai dai babu mai kwasa, da niyyar sayen hekta 10 a dunƙule a yanka wa kowa rabin hekta. Rabona da fartanya tun ina sakandare, amma tsadar masara ta sa na tuna ni ɗan manomi ne.

Gonar tudu ce, ruwan Tiga bai kai gare ta ba, shi ya sa kuɗinta ya zo daidai aljihunmu. Dillali yana gaba yana sauri yana nuni da sanda, wai daga waccan tsamiyar zuwa layin gambar can duk namu ne. Safiyon da muka ɗauko bai tanka masa ba, bin iyaka kawai yake da na'urarsa yana rubutu. Da ya gama, hekta goman ta koma tara ba kaɗan. Ashe gefen gabas burtali ne. Dillali ya ce ai shanu sun daɗe da daina bi. Yana faɗa ina kallon kashin shanu ɗanye sharaf kusa da takalminsa, ƙudaje na bi. Ban ce komai ba, ma'ajinmu ne ya kasa riƙe dariya.

A zauren dagaci aka fito da takardar ciniki, rubutun hannu, 'yan'uwa maza uku sun dangwala yatsa. Ni har na fara murna. Sai lauyarmu, yarinya ƙarama da a mota nake ta tunanin asarar kuɗi muka yi da muka ɗauko ta, ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan ta gado ce?" Ya ce ta gado ce. "An raba?" Zaure ya yi tsit. Can dagaci ya ce, "Gaskiya, 'yata, ba a raba ba. Kuma akwai mata biyu, ɗaya tana aure a Wudil." Babban wan ya ce ai mata ba sa noma. Ta ce ba noma ta tambaya ba, rabo ta tambaya. Limamin garin, wanda tun shigarmu carbi kawai yake ja, ya ƙara da cewa gadon da ba a raba ba akwai shufu'a a kansa: in wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe. Wato da mun biya yau, wata rana muna cikin shuka sai mu ga sammaci.

A gindin darbejiya muna cin gurasa na ce wa lauyar to in an raba, takardar dagaci ta wadatar ke nan? Ta ce, "Malam, shaidar ciniki ce mai kyau, amma ba ita ce ƙarshe ba." Dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin sojan Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke saye haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan haƙƙi na gargajiya, har zuwa hekta 500 in noma ne, 5,000 in kiwo ne, kuma sauya hannu sai da amincewarta. Satifiket na gwamna kuwa, wanda banki ya fi yarda da shi in za a nemi rance, sai an bi ta hukumar filaye, da taswirar safiyo da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ta ce mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, tun 1910 Turawa suka kafa irin wannan tsari, dokar 1962 ta ɗora a kai.

Wanda ya fi tsaya min shi ne batun diyya. In gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, abin da ke kai take biya, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba tsurar ƙasa ba. Nan take na ƙudurta mangwaro zan fara dasawa.

Sai a mota wani tunani ya zo min. Satifiket ɗin sunan ƙungiya zai ɗauka. Rabin hektata fa? Tana cikin littafin ma'aji kawai, mai bangon kwali, wanda na ga ɗansa ya zana mota a shafin baya. Na ce wa shugaba, "Alhaji, in na faɗi na mutu, da me 'ya'yana za su nuna wurina?" Ya ce haba Malam, ai mu duka 'yan'uwa ne. Na ce su ma waɗancan ukun da mai aure a Wudil ciki ɗaya suka fito. Ya yi shiru har Kwanar Dawaki, sannan ya ce a taron wata za a kawo maganar ba kowa takarda mai lambar yankinsa da taswira, a kuma rubuta yadda magada za su gaji kason mamaci.

Nan da mako biyu za mu koma, bayan sun je gaban alƙali an raba, kuma farashi zai bi awon safiyo.

Da na shigo gida uwargida ta ce ina gonar. Na miƙa mata ƙasar da na ƙullo a leda. Ta murza a yatsa ta ce gyaɗa za ta yi, in cire takalmi a waje.